Tukunyar Iska ta Kwana Ɗaya

Sunana Adwoa Kyeremaa, matar marigayi Kwame Baffoe. Duk wanda ya taɓa binne wani nasa a garinmu ya san ni, domin a kan kujeruna ya zauna, a ƙarƙashin rumfata ya karɓi gaisuwa. Shekara talatin da ɗaya ina ba da hayar kujeru da rumfuna da janareto ga masu makoki. Aji uku na yi a makaranta, amma ba a taɓa cutata a ciniki ba. Wannan shi ne abin alfaharina, shi ne kuma aibina. Ni a wurina babu maganar da ake faɗa sau ɗaya ta zauna. Wanda ya ce ɗari, hamsin yake nufi, kuma in ka juya masa baya zai kira ka. Da wannan hali na ci kasuwa, da shi kuma na kori mutum ɗaya tak da ta rage mini a duniya.

Mijina ya bar mini ƙaramin asibiti mai gado shida a bayan tashar mota. Shi ba cikakken likita ba ne, amma kowa Dokta yake ce masa. Allah bai ba mu haihuwa ba. Ranar da danginsa suka zauna rabon gado, 'ya'yan 'yan'uwansa mata, waɗanda su ne magada a al'adarmu, sun riga sun auna ginin da ido, har wani yana cewa zai yi kyau da shagon siminti. Ni kuwa ina zaune a gefe cikin baƙaƙen kaya, ba mai kallona. Sai yayarsa, Yaa Pomaa, ta miƙe tana dafe da ƙirji, don tun tana budurwa take fama da ciwon fuka.

Ta ce, "Siminti? Kai da ba ka taɓa ɗaukar bulo ɗaya a ginin nan ba? Da kuɗin kujerun matar nan aka yi rufinsa. Wanda ya taɓa mata asibiti, ni ya taɓa."

Ita ce babba, maganar siminti ta mutu a nan.

Tun daga ranar muka zama ni da ita. Gidanta yana kallon asibitin. Kullum da azahar sai ta tsallako titi da kujerarta 'yar tsuguno, mu zauna a baranda mu ci dafaffiyar doya da miyar ganyen gwaza a kwano ɗaya. "Matata" take kirana, tun ranar da ƙaninta ya kawo ni, ni kuma in ce mata "maigida". Ba ma gama cin abinci ba tare da mun yi faɗa ba.

"Matata, wannan miya ko ruwan wanke hannu? Manjan ma sai da kika taya?"

"Maigida, ranar da kika ba ni kuɗin cefane, ranar za ki yi magana."

'Yarta ɗaya, Akua Dufie, malamar makaranta ce a Kumasi. Duk wata sai ta roƙe ta ta koma can, kusa da manyan asibitoci. Ita kuma ta ce ba inda za ta, wa zai riƙa zagin Adwoa in ta tafi?

Aikin asibitin yana hannun Sista Boatemaa, wadda ta yi shekara tara tare da mijina, da takardarta kuma ake aiki. Nawa shi ne in sa ido. Masu zuwa wurinmu kusan duka da katin inshorar lafiya na gwamnati suke zuwa. Manoman kashu ne da matan kasuwa, in babu kati ba za su zo ba. Katin kuma ba ya aiki sai a asibitin da hukuma ta duba ta amince da shi, amincewar ma sai an riƙa sabunta ta.

Shekara biyu da rasuwar Dokta, takarda ta zo cewa lokacin sabuntawa ya yi, masu dubawa za su zo. Sista ta karanta mini jerin abubuwan da dole a same su, ina ƙirgawa da yatsu har yatsun suka ƙare sau huɗu.

Na ce, "Nawa ke nan?"

Ta ce, "Arba'in da uku, Maame."

"To, ashirin suke nema."

Ta cire tabarau ta kalle ni. "Maame, wannan fa ba kasuwar Techiman ba ce."

"Ko'ina kasuwa ce, 'yata. Ko fasto in ya ce a kawo buhu goma na siminti, ya san biyar za a kawo. Karanta mini masu arha tukuna."

Masu arhar na yi su, ba zan ƙi faɗar gaskiyata ba. Na sa aka yi fenti, na sayi bokitai masu murfi, da akwatin zuba tsofaffin allurai, da jan tulun kashe gobara. Na sa aka gyara famfon wanke hannu. Abu biyu ne suka tsaya mini a wuya. Na farko wutar ko-ta-kwana, in an ɗauke ta gari. Na biyu tukunyar iskar numfashi, don ta Dokta ta tsufa, bakinta ya lalace, ta daɗe a bayan gida tana tsatsa.

Na hau mota har Kumasi neman sabuwa. Mai shagon wani saurayi ne mai fuskar shanu. Ya faɗi kuɗi, na taya rabi. Ya ce a'a. Na ƙara kaɗan, na yaba shagonsa, na kushe tukunyar, na ce fentinta ya kwaile. Ya ce kuɗinta ke nan. Sai na yi abin da na saba, na gyara zanena na juya na fara tafiya a hankali, ina jiran in ji "Maame, dawo." Na kai bakin ƙofa. Na kai bakin titi. Na tsaya na sayi ruwa na sha. Bai kira ni ba. Kuɗin yana ɗaure a ƙuguna, ya isa, har da saura. Amma in koma da ƙafata wurin yaron da na haife shi a shekaru? Na hau mota na dawo gida hannu rabbana.

A hanya dabara ta zo mini, har na yi dariya ni kaɗai. Na ce, ashe ma sana'ata ce. Wa yake sayen kujera ɗari uku don makokin rana ɗaya? Haya ake yi, baƙi su zo su gani, su yaba, su tafi, a mayar wa mai kaya kayansa. Su ma masu dubawan ai baƙin rana ɗaya ne.

Akwai wani tsoho, Wofa Atta, mai riƙe da makullin ɗakin ajiya a wani asibiti a garin da ke gaba da namu. Na same shi, muka daidaita a kan kwana ɗaya. Shi ma sai da na taya shi har ya ce in ji tsoron Allah. Tukunyar ta zo da sunan asibitinsu a jikinta, sai na liƙe wurin da takardar cocinmu mai ayar Zabura. Janareto kuwa nawa ne na makoki, na sa aka wanke shi aka ajiye a bayan ɗakin magani kamar can aka haife shi.

Sista ta same ni a tsakar gida ta ce, "Maame, ni ba zan yi ƙarya ba. In sun tambaye ni, zan faɗa."

Na ce, "To ki kama aikin gabanki, ni za su tambaya. Nan da wata biyu zan sayi tamu, in na sami mai hankalin sayarwa."

Shugabar masu dubawan wata siririyar mace ce, Madam Ofosua. Na yi musu sakwara da miyar kaza, ta ce sun ƙoshi. Na sa an kai doya goma bayan motarsu, ta sa direba ya sauke. Ta buɗe kowane bokiti, ta leƙa ban ɗaki, ta sa aka tada janareto. Da ta zo kan tukunyar, ta murɗa bakinta, iska ta yi huci.

Ta ce, "Taku ce?"

Na ce, "Tamu ce, Madam."

Sista tana tsaye a bayanta, kanta a ƙasa. Ba a tambaye ta ba.

Da suka tafi, Pomaa ta tsallako. Ba ta zauna a baranda ba, sai ta wuce ɗakin da tukunyar take. Na bi ta. Na same ta tana shafa ƙarfen da tafin hannu kamar mai shafa kan jika.

Ta ce, "Matata, yau kin biya ni. Ashe rowar taki tana da iyaka. Tun da ta Kwame ta lalace, in ƙirjina ya fara kuka sai in ji tsoro, ban dai faɗa miki ba ne. Har na fara tunanin maganar Dufie. Yanzu kuwa ga iskata a tsallaken titi. Bari in kira ta in ce ta bar ni in mutu a garinmu."

A gabana ta kira 'yarta. Ina jin ta tana cewa, "Sabuwa fil, har da ayar Zabura a jiki." Kalma uku kawai ake nema daga bakina: ba tamu ba. Na buɗe baki, sai na tuna yadda za ta yi mini dariya har Kirsimeti, ta ba matan coci labari. Na ce, "Zo mu ci abinci, miya tana hucewa."

Washegari da sassafe aka fita da tukunyar ta ƙofar baya. Na ja ƙofar ɗakin na rufe. Bayan makonni takardar amincewa ta zo, na sa ta a gilashi na rataye kusa da hoton Dokta. Wata biyun da na yi wa Sista alkawari suka wuce, suka zama biyar. In ta tuna mini, sai in ce farashi bai sauko ba tukuna.

Ranar wata Asabar aka yi makokin wani babban dillalin kashu. Kujeruna duka suna can, da rumfuna takwas, da janareto, don tun safe aka ɗauke wuta. Ina tsaye cikin jan zane da baƙi, ina lura kada wani ya hau mini kujera da ƙafa, lasifika suna ta ruri, mata suna rawa. Wayata tana ɗaure a bakin zane. Sai wajen ƙarfe biyu na kwance ta. Karatuna bai da yawa, amma lamba na santa. Kira goma sha ɗaya, duka daga Sista.

Ga abin da ya faru. Maƙwabcin Pomaa ya ƙona ɓawon kashu, hayaƙin ya cika mata ɗaki. Ta shaƙi ɗan maganinta na aljihu, bai yi ba. Da rarrafe ta tsallaka titi, masu sayar da dokunu, tuwon masarar nan, suka ƙarasa da ita. Na'urar da ke turara magani a hanci tana nan, amma ba wuta. Janareto yana wurin makoki yana kiɗa. Pomaa ba ta iya magana, sai nuna ƙofar ɗakin nan take yi da hannu, tana nunawa, tana nunawa. Sista ta ce da ta ga ba za ta daina ba, sai ta buɗe mata ƙofar don ta gani da idonta. Ba komai a ciki sai zagayen da gindin tukunyar ya bari a siminti.

Allura Sista ta yi mata, ta sa ta a tasi, ta riƙe ta a jikinta tafiyar minti arba'in zuwa babban asibitin gunduma. Sun isa leɓɓanta sun canja launi.

Ba ta mutu ba. Kwana tara ta yi a kwance. A ranar da yamma na je da kayan makokin a jikina, Dufie, wadda ta riga ta iso daga Kumasi, ta tare ni a ƙofa. Yarinyar da na yi wa kitso, na goya.

Ta ce, "Kin zo da shirin binne ta ke nan? Ai sai ki koma, da sauranta."

"Akua, ni ce fa."

"Na san ke ce. Ke ce kika tsaya tana gaya mini sabuwa fil."

Dufie ta rubuta wa hukuma takarda. Ban ga laifinta ba a yanzu, a lokacin kuwa na ga. Ranar Talata, ba sanarwa, motar Madam Ofosua ta tsaya a ƙofa. Wannan karon Madam ta fara da tambayar Sista, Sista kuma ta faɗa. Madam ta shiga ɗakin ta daɗe tana kallon zagayen nan na siminti. Ta fito ta ce an dakatar da mu, daga yau kati ba ya aiki a nan, sai an cika komai an sake dubawa.

Ko a nan halina bai sake ni ba. Na ce, "Madam, zauna mu yi magana. Arba'in da uku kuka ce, na kawo arba'in da ɗaya. Wa yake samun haka a kasuwa? A rage mini, a bar ni da wata ɗaya."

Ta ce, "Maame, ba ni nake sayarwa ba. Ni da biyun nan ba abin da za su yi mini, ina da asibitina a birni. Na wadda ta rarrafo titi ne. Je ki taya ta, in za ta rage miki."

Ta cire takardar daga bango da hannunta. Ƙusar ta bari kusa da hoton Dokta.

Cikin mako guda baranda ta bushe. Mata masu ciki suka koma hawa mota zuwa gunduma, wasu kuma suka koma haihuwa a gida. In na wuce a kasuwa sai a gaishe ni a taƙaice. Sista ta yi wata ɗaya tana share ɗakunan da ba kowa, sannan ta zo ta durƙusa ta ce an kira ta aiki a wani wuri, kuma ita ma an ja mata kunne a kan shirun da ta yi. Na ce ta tafi, ban riƙe ta ba. Ban taya ba.

Ranar da Dufie ta zo kwashe kayan uwarta, Pomaa tana zaune a gaban mota, ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Na tsallaka da kwanon doya a rufe. Na tsaya a tagar motar.

Na ce, "Maigida."

Ta juyo ta dubi kwanon. Sannan ta ce, "Nawa ya ce miki, mai shagon?"

Na faɗa mata.

"Ke kuma nawa kika taya?"

Na faɗa mata.

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar tana auna tazarar da ke tsakani. "To, yanzu na san kuɗina." Ta yi tari. "Adwoa, rowar ba ta dame ni ba, da ita na san ki. Da kin ce mini ta haya ce, da na zage ki, mun ci doya, na kama hanyar Kumasi da ƙafata. Amma kika bar ni ina shafa ta."

Tun da na shigo gidansu ba ta taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Na miƙa kwanon, ta ce likita ya hana ta manja. Motar ta tashi. Kujerarta 'yar tsuguno tana ɗaure a sama, ƙafafunta suna kallon sama.

Bayan mako biyu na sayar da rabin kujeruna na koma Kumasi, shagon nan dai. Saurayin ya gane ni. Ya faɗi kuɗi, ya ma fi na da. Bakina ya buɗe da kansa zai taya, na rufe shi da hannu na biya. Na sayi ƙaramin janareto, na sa maƙeri ya ɗaure shi da sarƙa a bayan ɗakin magani, na jefa makullin a rijiya don kada wata Asabar ta rinjaye ni. Ranar da na sayi tukunyar kuwa, na san daga shagon zuwa unguwar Dufie ba nisa. Na tsaya a tasha da tukunyar a gefena na kira waya. Dufie ta ɗauka ta ce Mama tana barci.

Yau wata bakwai ke nan. Na kai takardar neman a sake dubawa, an ce in jira layi ya zo kaina, kuma sai na sami wata nas mai takarda. Biyu sun zo, da suka ji labari a tasha ba su dawo ba. Kullum da safe ina buɗe asibitin, in share, in goge tukunyar, in murɗa bakinta kaɗan in ji hucin, in rufe. Tana tsaye daidai kan zagayen da waccan ta bari. A cike take, ba wanda ya taɓa shaƙar ta.

Ranar Lahadi nakan kira Kumasi. Wani lokaci a ba ta wayar. Na gaya mata na sayi tukunya, tamu ta kanmu, har da rasit. Ta ce, "Madalla, za ta yi wa wani amfani." Ina jin numfashinta a cikin wayar. Na so ta tambaye ni ko na taya, don ta sami abin zagina. Ba ta tambaya ba.

Da azahar har yanzu a baranda nake cin abinci. Hannuna bai koyi dafa doyar mutum ɗaya ba, kullum sai ta yi saura. Gidan da ke tsallaken titi an ba wani tela haya, yana gaishe ni da ladabi. Miyar kuwa na cika mata manja yanzu, ba mai cewa komai.

Darasin da ke cikin labarina shi ne, ba kowace magana ake tayawa ba. Ƙa'idar da aka gindaya wa asibiti ba farashin farko ba ce, ba kuma don idon masu dubawa aka rubuta ta ba. Kowane layi a cikinta akwai wani mutum a bayansa, wanda wata rana zai zo da rarrafe yana nuna ƙofa, kuma mai yiwuwa naka ne. Abin da aka aro don a nuna wa baƙo ba ya nan ranar da ake bukatarsa. Ku masu asibiti, da masu kantin magani, da duk wanda rayukan mutane ke bi ta hannunsa, ku cika abin da aka ce ku cika, ku mallake shi, ku bar shi a inda yake ko ba mai zuwa dubawa. In kuma kun gaza, ku faɗi gaskiya tun da wuri, musamman ga wanda ya dogara da ku. Dariyar da za a yi muku ta kwana biyu ce. Ni na guje ta, ga ni nan ina cin abinci ni kaɗai.